Yadda Ake Zaɓen Katakon Wuyan Jitar Lantarki

Duk wanda ya ƙudiri aniyar haɗa jitar lantarki tasa ta kansa, ko ya ba wani gwani ya haɗa masa, tambayar da yake fara yi ita ce wane itace ne ya fi daɗin sauti. Ni kuwa nakan ce a ajiye maganar sauti tukuna, a dubi aikin da wuyan jita yake yi dare da rana, ana kiɗa ko ba a yi. Tsirkiya shida ta ƙarfe, matsakaiciya irin wadda aka fi ɗaurawa, tana jan kan jita da ƙarfin da ya kai kilo 45 ko ɗan fiye, wato ya kusa nauyin buhun siminti. Abin da ke riƙe da wannan ja kuwa katako ne da kaurinsa bai wuce santimita 2 da 'yan kai ba, kuma ana so ya shekara talatin bai karkace da ko rabin milimita ba. Sandar garaya mai tsirkiya biyu idan ta ɗan lanƙwashe, makaɗi zai bi ta da yatsa ya gyara sautin. Jita ba ta ba da wannan dama, domin ƙarafan firet da aka dasa a jikin allonta sun riga sun yanke inda kowane sauti yake.

Saboda haka abin da nake so ka riƙe shi ne, guntun katakon da ke hannunka ya fi sunan itacen muhimmanci. Mahogani mai tsada da bai bushe ba, ko wanda jijiyarsa ta karkace, zai ba ka kunya. Katako mai araha da ya bushe sarai kuma jijiyarsa ta miƙe zai yi maka aiki har ka bar wa ɗanka.

Mataki na 1: Ka san irin wuyan da za ka gina kafin ka je neman katako

Iri biyu ne suka fi yawa, kuma kowanne da katakon da ya dace da shi. Akwai na salon Fender, kamfanin jita na Amurka, wanda ake ɗaure shi a jikin jita da sukuru huɗu, kansa a miƙe yake da sauran wuyan, tsawon tsirkiya inci 25.5, wato milimita 648. Wannan katako ɗaya shimfiɗaɗɗe ya ishe shi: tsawo santimita 70 zuwa 75, faɗi santimita 10, kauri milimita 20 idan za ka manna masa allon yatsu daban mai kaurin milimita 6, ko milimita 26 idan da katako ɗaya za ka yi duka. Akwai kuma na salon Gibson, shi ma kamfanin jita na Amurka, wanda ake mannawa a jiki da gam, tsawon tsirkiya inci 24.75, kansa kuma ya kwanta baya da kusan digiri 17.

Wannan kwanciyar kai ita ce inda matsala take. Idan aka sassaƙo wuya da kansa daga dunƙulen katako guda, jijiyar katakon ba ta bin lanƙwasar, sai ta zama gajera a daidai maƙogwaro, wurin da kuma aka riga aka rarake don ƙarfen saiti, wato sandar ƙarfen da ake binnewa cikin wuya don a riƙa gyara lanƙwasarsa. Shi ya sa jitocin wannan salo suka yi suna wajen karyewar kai idan suka faɗi. Maganinsa shi ne ka yanka katakon a karkace, digiri 10 zuwa 15, ka juya guntun ka manna shi ya zama kai, ta yadda jijiya za ta bi tsawon kan. Haɗin ya fi ƙarfi, kuma ba ya cin katako da yawa.

Ka kuma yanke kaurin da hannunka yake so tun yanzu. Ƙarfin da katako yake da shi na ƙin lanƙwasa yana ƙaruwa ne da kauri sau kauri sau kauri. Wuya mai milimita 21 ya fi mai milimita 19 tauri da kusan kashi 35 cikin 100, ko da daga itace ɗaya aka ciro su. Idan kai mai son siririn wuya ne, dole katakonka ya zama mai tauri ƙwarai, ko ka haɗa shi gida-gida, ko ka binne masa siraran sandunan kabon biyu, wato sanduna marasa nauyi masu tauri ƙwarai, a gefen ƙarfen saiti. Mai son wuya mai cika hannu yana da zaɓi da yawa.

Mataki na 2: Ka san itatuwan da halin kowanne

Meful mai tauri, wanda masana ke kira Acer saccharum, shi ne itacen da ganyensa ya yi kama da wanda ke jikin tutar Kanada, kuma a can da arewa maso gabashin Amurka yake fitowa. Fari ne, fuskarsa a rufe take babu ramuka, nauyinsa kusan kilo 700 a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da kauri mita ɗaya-ɗaya. Da shi Leo Fender ya yi wuyan jitocinsa tun 1950, da shi kuma aka yi wuyan jitarsa mai suna Stratocaster a 1954. Wani abu da ya kamata mai koyo ya sani: jitocin farko da kamfanin ya fitar a 1950 ba su da ƙarfen saiti a ciki, an ɗauka taurin meful ya isa, sai wuyoyin suka riƙa lanƙwashewa, dole aka koma ana sa ƙarfen. Idan meful bai iya shi kaɗai ba, kada ka yarda wani ya ce maka akwai itacen da zai iya. Aibin meful shi ne yana motsi da laima fiye da mahogani, kuma dole a shafe shi, in ba haka ba gumin hannu zai mayar da shi toka-toka.

Akwai meful mai ado, mai layi-layi kamar harshen wuta ko mai ɗigo kamar idon tsuntsu. Yana da kyau a ido ba kaɗan ba, amma wannan adon alama ce ta jijiyar da take hawa da sauka. Ni ba na sa shi a siririn wuya sai da sandunan kabon. Akwai kuma gasasshen meful, wanda ake dafa shi a tanderu marar iska da zafin da ya kai digiri 180 zuwa sama har ya koma ruwan zuma. Gashin yana rage masa shan laima sosai, kuma ga mai zama inda hunturu da damina ke musayar wuri, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai ya fi ɗanye saurin tsagewa, don haka kowane sukuru sai ka huda masa rami daidai girmansa kafin ka ɗaura.

Mahoganin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, Swietenia macrophylla, shi ne wuyan jitar Gibson mai suna Les Paul tun 1952. Ya fi meful sauƙin nauyi, kusan kilo 590, ya fi shi taushi, kuma taurinsa wajen lanƙwasa bai kai na meful ba. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne natsuwa. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙurmus, meful yana tsukewa da kusan kashi 10 cikin 100 ta faɗin zoben shekarunsa, kashi 5 ta tsakiya zuwa waje. Mahogani kuwa kusan kashi 4 ne da kashi 3. Lambobin biyu ƙanana ne kuma suna kusa da juna, shi ya sa ba ya yawan kumbura ko murɗewa. Yana kuma da daɗin sassaƙa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Itacen da masu haɗa jita a duniya ke saye da sunan mahoganin Afirka shi ne Khaya, kuma maɗacin da muka sani, wanda ake jiƙa ɓawonsa a sha, ɗan wannan gida ne, sunansa Khaya senegalensis. Wanda aka fi fitarwa waje shi ne ɗan'uwansa na kurmi, Khaya ivorensis, mai sauƙin nauyi. Maɗacinmu na arewa ya fi shi nauyi da tauri, ja ne mai duhu, kuma jijiyarsa takan sarƙe, wannan shekara ta karkata dama, wata ta karkata hagu. Sarƙewar tana sa shi yagewa a bakin injin fere katako, tana kuma iya murɗe shi lokacin bushewa. Duk da haka busasshen maɗaci da aka tsaga aka haɗa gida uku wuya ne na gaske, kuma ina jin takaicin yadda ake raina shi don kawai a bakin titi muka saba ganinsa.

Safele ma namu ne, sunansa daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali, inda aka daɗe ana lodin katako. Taurinsa ya kusa na meful, launinsa na mahogani, shi ma jijiyarsa a sarƙe take. Afara, wanda Turawa ke kira limba ko korina, da shi Gibson ya yi jitocinsa Flying V da Explorer a 1958. Yana da sauƙin nauyi, ya dace da wuya mai kauri. Wenge na dazukan Kwango da Kamaru da Gabon baƙi ne mai ratsin ruwan ƙasa, ya fi meful tauri nesa ba kusa ba, kamfanin Warwick na Jamus ya daɗe yana yin wuyan jitar bas da shi. Ba ya buƙatar shafi, hannu yana gudu a kansa. Amma yana da nauyi, yana dakushe kayan aiki, kuma tsinkensa idan ya soki yatsa yakan yi ruwa, a cire shi nan take.

Obece da malaina da sauran fararen katakon rufi da silin, ka bar su inda suke. Sun yi laushi, sukuru ba ya zama a cikinsu. Kirya kuwa ta wuce gona da iri ta ɗaya gefen: turmi ya dace da ita, amma a wuyan jita za ta rinjayi jikin, kan ya riƙa zamewa ƙasa duk lokacin da ka saki hannu.

Mataki na 3: Allon yatsu

Shi ne siririn katakon da ake dasa firet a ciki, kuma dole ya fi na wuyan tauri don ya riƙe ƙafar ƙarfen ya kuma jure farce. Fender ya koma sa katakon rozwud a jitocinsa Stratocaster da Telecaster a 1959. Na Indiya, Dalbergia latifolia, shi ne aka fi samu yau. Yana da mai a jikinsa, ba a shafa masa fenti, kuma yana da haƙuri da canjin yanayi. Eboni ya fi shi tauri da santsi, mafi yawansa daga Kamaru yake zuwa. A 2011 kamfanin jita na Taylor da abokin cinikinsa Madinter suka sayi masana'antar tsaga eboni ta Crelicam a Yaounde, inda Bob Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya gano cewa masu sara kan kayar da itatuwa da yawa su bar su a daji su ruɓe saboda cikinsu ba baƙi ƙirin ba ne. Tun daga nan ya fara sa mai ratsi a jitocinsa. Idan ka samu eboni mai ratsin fari ko ruwan ƙasa, ka saya da farin ciki, ingancinsu ɗaya ne. Kanyar da muke shan 'ya'yanta ma 'yar gidan eboni ce, sai dai cikinta ba kasafai yake yin baƙi ba.

Gargaɗina game da eboni ɗaya ne: a cikin katakon allo shi ya fi tsukewa da tsagewa idan iska ta bushe. Mai zama a Kano ko Damagaram ko Agadas, inda jita ke kwana a filin biki cikin hunturu, ya fi masa kwanciyar hankali ya ɗauki rozwud, ko fau fero na Kudancin Amurka wanda Fender ya koma sa wa jitocinsa na Meziko a 2017, ko kuma allon meful da aka shafe.

Mataki na 4: A wurin mai katako, ka karanta jijiya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma ba a yin sa da gaggawa. Ko a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano kake, ko hoto ake turo maka daga wata ƙasa, abubuwan dubawa ɗaya ne. Ka tafi da fensir, da doguwar rula ta ƙarfe, da ɗan ruwa a gora, da guntun sanfefa.

Fara da bakin katakon, inda zarto ya yanke. Ka goge shi, ka ɗan jiƙa, za ka ga layukan zoben shekara. Idan sun tsaya tsaye daga fuska zuwa baya, an tsaga shi ta tsakiyar gungume, kuma irin wannan ya fi zama lafiya, domin faɗinsa ba ya motsi sosai. Idan sun kwanta daidai da fuskar katakon, yankan kwance ne. Shi ma yana yi. Yawancin tsofaffin wuyoyin Fender yankan kwance ne, ga su nan har yau ana kiɗa da su. Wanda nake gudu shi ne wanda layukansa suka tsaya a wannan gefe suka kwanta a wancan, ko suka yi ƙaramin baka sosai. Irin wannan gefensa ɗaya yana motsi fiye da ɗayan, kuma ƙaramin baka yana nuna kusa da cibiyar itace aka ciro shi. Katakon da cibiya take cikinsa kuwa kada ka ko taya.

Sai ka juya gefen katakon, siririn ɓangaren. Ka ɗora fensir a kan layi ɗaya na jijiya ka bi shi daga wannan baki zuwa wancan. So ake ya tafi tare da gefen har ƙarshe. Idan ya fara daga sama ya sulale ya fita ta ƙasa kafin ya kai rabin tsawon, jijiyar ta gudu, kuma nan ne wuyan zai karye ko ya lanƙwashe wata rana. A itatuwan da zobensu ba ya fitowa fili, irin maɗaci da safele, ka bi 'yan siraran ramukan da ke jikin katakon, su ne ke nuna inda jijiya ta nufa. Idan mai katako zai ba ka ɗan guntu daga bakin, ka tsaga shi da gatari. Tsaga ba ta ƙarya, jijiya take bi.

Daga nan ka ɗaga katakon zuwa ido kamar mai saita bindiga, ka leƙa tsawonsa. Ɗan baka kaɗan ana iya fere shi. Murɗewa ita ce abar tsoro. Don ka gane ta, ka ɗora sanduna biyu miƙaƙƙu a gicciye, ɗaya a kowane baki, ka tsuguna ka hango su tare. Idan ba su daidaita ba, katakon ya murɗe. Itacen da ya murɗe sau ɗaya halinsa ke nan, ko ka fere shi ya miƙe zai koma. Ƙarfen saiti yana gyara lanƙwasa gaba ko baya, amma ba shi da abin da zai yi wa murɗewa.

Ka ƙi mai idon reshe, ko da ƙarami ne, domin jijiya takan kewaye shi. Ka ƙi mai 'yan ramukan ƙwari da gari ke zuba daga ciki. A mahogani da maɗaci ka guji farin gefen da ke kusa da ɓawo, shi ƙwari suka fi so; a meful kuwa farin gefen ne ake nema. Akwai wani aibi da ke ɓuya a katakon kurmi, siririn layi kamar gashi da ya gitta jijiya, wanda kan samu tun itacen yana tsaye ko lokacin da ya faɗi. Jiƙa fuskar katakon yana fito da shi. Wurin a karye yake tun asali.

Idan ka samu mai kyau, ka sayi biyu ko uku. Na taɓa sayen guda ɗaya tak daga wani mai katako da ya rantse mini ya shekara biyu a rumbu, na gina wuya da shi cikin Satumba, kafin ƙarshen Janairu ya murɗe har tsirkiyar ƙasa tana kwanciya a kan firet. Aikin wata guda ya tafi, kuma babu na biyu da zan koma wa.

Mataki na 5: Ka tabbatar da bushewa da awo, ba da baki ba

Masu haɗa kayan kiɗa suna aiki da katakon da ruwan jikinsa yake tsakanin kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Yawancin katakon kasuwanninmu ya ninka haka, domin daga daji ake tsaga shi a lodo. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu, ba ta da tsada. In babu ita, sikelin kicin mai auna giram ya isa. Ka yanke santimita 10 daga bakin ka yar, domin baki ya fi ciki bushewa, sannan ka yanki siririn guntu ka auna. Ka sa shi a tanda mai zafin digiri 100 zuwa 105, kana fitarwa kana aunawa har nauyin ya daina sauka. Ka cire nauyin ƙarshe daga na farko, ka raba da na ƙarshe, ka ninka da 100. Guntun da ya fara da giram 100 ya tsaya a 91, ruwansa kusan kashi 10 ke nan.

Idan ɗanye ne, ka shafe bakunan biyu da narkakken kakin zuma ko fenti mai kauri don kada su tsage, ka jera katakon a inuwa inda iska ke wucewa, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya a tsakani, ka ɗora nauyi a sama, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Tsohuwar ƙa'ida ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. Iskarmu ta fi ta Turai saurin busarwa, kuma saurin nan shi ne haɗarin: ɗanyen katako da aka bari hunturu ya buga kai tsaye, wajensa zai bushe cikinsa na jiƙe, ya tsattsage. A watannin farko ka rufa masa buhu. Rana kuwa kada ta taɓa shi.

Katako ba ya gama bushewa sau ɗaya ya huta. Kullum yana daidaita kansa da iskar da yake ciki. A tsakiyar hunturu, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20, ruwan jikinsa yakan koma kashi 4 ko ƙasa. A Agusta yakan haura 14.  Shi ya sa nake ganin wajibi ne katakon wuya ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya a ɗakin aikinka kafin ka taɓa shi, ko daga ina aka kawo shi. Ka rubuta nauyinsa da kwanan wata a jikinsa duk bayan mako biyu, ka ɗora rula ka ga ko ya motsa. Wanda ya wuce shekarar a miƙe, shi ne naka. Tsohon katakon ƙofa ko gado ko teburin makaranta da ya shekara arba'in ya riga ya ci wannan jarrabawa, kuma sau da yawa ya fi sabo, muddin ka cire ƙusoshi ka duba jijiyarsa yadda na faɗa.

Shawara ɗaya da ta fito daga wannan: ka manna allon yatsu ka dasa firet a lokacin rani. Allon yana mafi tsukewarsa a lokacin, idan damina ta zo sai ya ɗan buɗe ya rufe bakin ƙarafan. Wanda ya dasa cikin damina, hunturu na zuwa allon zai tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, bakunan firet su fito suna yankar yatsa.

Mataki na 6: Ka gwada tauri, sannan ka duba ko za ka haɗa gida-gida

Katako biyu daga itace iri ɗaya sukan bambanta ƙwarai. Ka fere su su zama girma ɗaya, ka ɗora kowanne a kan bulo biyu, ka rataya nauyin kilo 5 ko 10 a tsakiya, ka auna yadda ya sauka. Wanda ya fi ƙin sauka kuma bai fi nauyi ba, shi za ka ɗauka.

Idan abin da ka samu yankan kwance ne, ko jijiyarsa a sarƙe take, ka tsaga shi gida uku ta tsawo, ka tayar da kowane gida a kan gefensa, ka juya na tsakiya ko ka sa na gefe biyun su fuskanci juna kamar hoton madubi, ka manne. Layukan da suke kwance sun koma tsaye, kuma duk inda ɗaya ya so karkata ɗayan zai ja shi baya. Kana iya sa siririn wenge ko meful a tsakiya don ƙarin tauri. Gam ɗin kafinta mai ruwan ɗorawa ya isa ga meful da mahogani. Ga masu mai a jiki irin rozwud, ka goge fuskar da asiton dab da mannawa, ko ka yi amfani da gam mai haɗi biyu. Ƙurar wenge da rozwud da fau fero tana kawo ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, ka sa takunkumi.

Maganar sauti da na ce a ajiye, ga wurinta. Maganaɗisun jita motsin tsirkiyar ƙarfe yake ɗauka, kuma shi da amfilifaya da lasifika da hannun makaɗi su ke da kaso mafi girma. Amma wuya yana da nasa tasiri. Helmut Fleischer, wani masani a Munich, ya auna girgizar jitocin lantarki a ƙarshen shekarun 1990, ya nuna cewa inda wuya ke girgiza daidai da sautin da aka danna, yana shanye ƙarfin tsirkiya, sautin ya mutu da wuri. Wannan ya danganta da tauri da nauyin wuyan gaba ɗaya, har da nauyin maɗauran da ke kansa. Cewar da ake yi meful na da kaifin sauti, mahogani na da taushi, ina jin wani abu daga ciki idan jita ba a jone take ba, amma ban taɓa barin katako mai miƙaƙƙiyar jijiya na ɗauki karkatacce saboda ita ba.

Mataki na 7: Takardu, idan katakon zai ƙetare iyaka

Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin rozwud na Brazil tsakanin ƙasashe tun 1992. Mahoganin Amurka ya shiga jerin masu buƙatar izini a 2003, sauran dangin rozwud a Janairun 2017, ko da yake a ƙarshen 2019 an ɗage wa kayan kiɗan da aka gama haɗawa. Ɗagewar ba ta shafi katakon da ba a sarrafa ba. Taron CITES da aka yi a Panama a 2022 ya ƙara Khaya na Afirka da dangin kawo da na madobiya. Ita madobiya tun 2017 take cikin jerin, bayan sarar da aka yi mata a Taraba da sauran wurare ana kaiwa Sin. Tana yin allon yatsu mai kyau, amma ni sai daga tsohon kayan ɗaki nake yarda in ciro ta.

Mataki na 8: Ka sassaƙa a hankali, ka bar shi ya huta

Katako yana ɗauke da ja-in-ja a cikinsa, kuma duk lokacin da ka cire wani ɓangare, sauran yana sake zama. Ka yanke siffar wuyan ka bar rarar milimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, ka rataye shi mako biyu, ka duba da rula, ka sake daidaita fuskar. Ka tona ramin ƙarfen saiti, ka sa irin mai juyawa gaba da baya, domin wuyan da zai ga hunturu da damina zai buƙaci gyara ta fuska biyu. Bayan manna allo ka ba shi mako ɗaya ruwan gam ya fita. Bayan sassaƙa bayan wuyan ka sake ba shi mako ɗaya kafin ka daidaita allon na ƙarshe ka dasa firet.

Meful da mahogani da maɗaci da safele duk suna son shafi, kuma a shafe ko'ina, har da dunduniyar da ke shiga jiki da cikin ramukan maɗaurai, don laima ta shiga ta fita daidai ta kowane gefe. Masu buɗaɗɗun ramuka irin maɗaci sai an cike ramukan kafin fenti ya kwanta. Allon rozwud ko eboni ɗigon man ma'adinai sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi, a farkon hunturu ya fi.

Bayan ka ɗaura tsirkiya ka bar ta kwana biyu, sai ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Kusan milimita 0.25 ake so, kaurin katin gaisuwa. Idan ta fi haka ka ɗaure ƙarfen saiti, idan babu tazara ka sassauta, rubu'in juyi kawai a lokaci guda, ka jira zuwa gobe kafin ka ƙara. Ka sake wannan awo a Disamba da kuma Yuli, ka rubuta abin da ka samu a takarda ka ajiye cikin jakar jitar.